Makaranta ko koya wa kai: hanyar da na bi kafin wasan 'yar tsana ya zama sana'ata

Ina da shekara 23 na yanke shawarar riƙe wasan 'yar tsana a matsayin sana'a. Kafin nan na yi kusan shekara biyu ina yanka soso ina ɗinka ƙyalle a ɗakina, ina kallon bidiyon gwanaye a intanet ina kwaikwayo. Abin da ya hana ni sukuni shi ne rashin sanin inda zan dosa: in nemi makarantar da ake koyar da fannin, ko in ci gaba da koya wa kaina? Duk wanda na tambaya, hanyar da ya bi yake yabawa. Wanda ya yi makaranta ya ce ba don ita ba da bai zama komai ba, wanda bai yi ba ya ce ɓarnar kuɗi ce. Shekara huɗu na ɗauka kafin na samu amsar da ta dace da ni, kuma rabin wahalar da na sha rashin sanin tsarin abin ne ya jawo ta. Ga yadda ta kasance daki-daki.

Wata uku na farko bincike kawai na yi. Makarantun da ke ba da cikakken digiri a wannan fanni ba su da yawa a duniya. A Faransa akwai makarantar ƙasa ta garin Charleville-Mézières, wadda aka buɗe a 1987, karatunta shekara uku ne, da Faransanci, kuma sai an ci jarrabawar gwaji ake shiga. Garin ne ke karɓar babban bikin wasan 'yar tsana na duniya tun 1961. A Amurka, Jami'ar Connecticut tana da sashen da Frank Ballard ya kafa a tsakiyar shekarun 1960, ana yin digiri na farko da na biyu. A Prague akwai sashe a makarantar wasan kwaikwayo ta DAMU, a Jamus akwai makarantar Ernst Busch ta Berlin da wani sashe a Stuttgart. A Indunusiya kuwa, a Surakarta, ana koyar da aikin dalang, wato mai sarrafa 'yan tsanar inuwa, a matakin jami'a. Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne kowace makaranta da irin mutumin da take son fitarwa. Wata ɗan wasa take horarwa, wanda zai tsaya a dandamali ana ganinsa tare da 'yar tsanarsa. Wata ta fi ƙarfi wajen ƙira da sassaƙa. Ni kuwa na zuba su duka a kwando ɗaya, ina duba wadda ta fi suna. Haka kuma ban san cewa wasu ba kowace shekara suke ɗaukar ɗalibai ba, wasu kuma suna da iyakar shekarun haihuwa. Da na fara da waɗannan tambayoyi biyu da na rage wa kaina aikin wata guda.

Na zaɓi makaranta ɗaya a Turai na fara haɗa takardu a watan Oktoba, alhali ana rufe karɓa a ƙarshen Janairu. Na ɗauka lokacin ya wadata. Sun nemi shaidar kammala sakandare, kwafin fasfo, wasiƙar bayanin dalilin da ya sa nake son karatun, wasiƙun shaida daga mutum biyu da suka san aikina, hotunan 'yan tsanar da na ƙera, shaidar iya harshen da ake koyarwa da shi, da bidiyon wasa wanda bai wuce 'yan mintuna ba. Takardar sakandare ce ta fara ba ni wahala. Na kai wa wani abokina da ya iya harshen ya fassara, muka aika, bayan mako biyu aka dawo da ita cewa sai fassarar mai fassara da hukuma ta amince da shi, mai hatimi. Neman irin wannan mutum da jiran aikinsa ya cinye mako uku, kuma shafi-shafi ake biya. Jarrabawar harshe ma tana da nata lokacin: sai an yi rajista tun da wuri, sakamako kuma yana ɗaukar makonni kafin ya fito. Nawa ya iso saura kwana tara a rufe. Wasiƙun shaida kuwa nan na gane ramin da ke cikin koya wa kai, domin babu wani mai sana'ar da ya taɓa ganin aikina ido da ido. Ƙarshe wani tsohon malamina na zane da wata mai shirya wasan kwaikwayo da na taɓa taya aiki suka rubuta mini, kuma dukansu halina suka yaba, ba su da abin cewa game da hannuna.

Bidiyon na ɗauka sau ashirin da wani abu. Na zaɓi 'yar tsanar da na fi alfahari da ita, wani tsoho mai gemu da na yi wata biyu ina ƙerawa, idanunsa suna ƙiftawa, girarsa tana ɗagawa. Na aika, na zauna jira. Mako bakwai babu labari, kullum sai na buɗe imel fiye da sau goma. A tsakiyar Maris saƙo ya zo cewa an gayyace ni gwajin ido da ido. Murnar ba ta daɗe ba, domin daga nan sai neman biza: takardar gayyata, shaidar masauki, inshorar lafiya, bayanan asusun banki na watannin baya, da tikitin zuwa da dawowa. Ranar ganawa a ofishin jakadanci ta faɗo kwana 20 kafin tafiya, fasfo ya dawo hannuna saura kwana huɗu. Idan na haɗa kuɗin fassara, jarrabawar harshe, biza, jirgi da masauki, abin da na kashe ya kai albashina na wata biyar a aikin da nake yi lokacin. Duk wannan kafin a ce an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba. Babu wanda ya gaya mini cewa neman shiga kaɗai yana da irin wannan tsada.

Kwana uku aka yi ana gwajin, kuma su ne suka sauya mini fahimtar sana'ar gaba ɗaya. Na shiga da akwatina cike da 'yan tsana, aka ce in ajiye shi a gefe. Ranar farko ba mu taɓa 'yar tsana ba sam. Tafiya muka yi ta yi a cikin zaure, a hankali, da sauri, da ido a rufe, sai motsa jiki da murya. Rana ta biyu aka miƙa wa kowane mutum uku babbar takarda mai ruwan ƙasa, aka ce mu murɗa ta ta zama siffar mutum, ɗaya ya riƙe kai da hannu guda, ɗaya ya riƙe ƙugu da ɗayan hannun, na uku ya riƙe ƙafafu. Umarnin shi ne: ku sa shi ya farka daga barci, ya tashi, ya ga wani abu a nesa. Ba magana. Ni aka ba kai. Na fara juya shi dama da hagu, ina ɗaga hannunsa, ina son a ga ƙwarewata. Wata dattijuwa cikin masu gwajin ta tsayar da mu ta ce da ni: "Ɗana, mutumin nan bai yi numfashi ba tukuna ka tashe shi. Kuma ka san abin da yake kallo? Mu dai ba mu sani ba." Ta karɓi takardar ta kwantar da ita, ta sa ƙirjin yana hawa yana sauka kaɗan-kaɗan, ta daɗe a haka. Sannan kan ya ɗago, ya tsaya cak a kan wani wuri a bango. Duk zauren muka juya muka kalli wurin. Takarda ce zalla, ba ido ba baki, amma ta fi tsohona mai ƙifta ido rai nesa ba kusa ba.

A rana ta uku aka ba kowa minti biyar ya nuna nasa. Na yi wasana, aka yi mini tambaya ɗaya: sau nawa ka yi wannan a gaban mutane? Na ce ban taɓa ba, sai a gaban kyamara. Suka rubuta. Bayan kwana goma saƙo ya zo cewa ba a ɗauke ni ba. Na yi baƙin ciki sosai, na yi kusan wata biyu ban buɗe akwatin ba. Har na fara gaya wa kaina cewa ai manyan sana'ar ma ba su yi makaranta ba, ina kafa hujja da Jim Henson, Ba'amurken da ya ƙirƙiro 'yan tsanar talabijin da ake kira Muppets. Da na karanta tarihinsa da kyau sai na ga hujjar ba ta tsaya yadda nake so ba. Gaskiya ne digirinsa na Jami'ar Maryland ba na wasan 'yar tsana ba ne, amma ya ɗauki darasin fannin a jami'ar, kuma tun 1955 yana yin shirin minti biyar a talabijin a kai a kai, tare da abokiyar aiki, ga masu kallo da ke hukunta shi kullum. Wannan ba zaman ɗaki kai kaɗai ba ne. Haka Adrian Kohler da Basil Jones da suka kafa kamfanin wasan 'yar tsana na Handspring a Afirka ta Kudu a 1981: makarantar zane da sassaƙa suka yi. Yaya Coulibaly na Mali kuwa a hannun mahaifinsa ya gaji sana'ar tun yana yaro. Duk wanda na bincika, sai in tarar akwai wani ido da ya tsaya a kansa yana gyara masa.

Wannan ya sa na shiga neman wanda zan zauna a ƙarƙashinsa. Na bi ta jerin mambobin UNIMA, ƙungiyar masu wasan 'yar tsana ta duniya da aka kafa a Prague a 1929, wadda ke da rassa a ƙasashe da dama. Na rubuta wa ƙungiyoyin wasa takwas. Biyar ba su amsa ba, biyu suka ce ba su da gurbi, ɗaya ta ce in zo mu gana. Shugabanta dattijo ne da ya haura shekara 30 a sana'ar. Bai nemi takarda ko ɗaya ba. Ya ce: "Yaro, ba ni da albashin da zan ba ka. Za ka ɗauki kaya, ka kafa dandamali, ka gyara abin da ya karye. Idan ka jure wata uku, sai mu ga abin da za a ba ka ka riƙe." Na ce: "Malam, na amince." Na koma aikin rabin rana domin in riƙa zuwa da yamma.

Bayan wata ukun, ƙafafu aka ba ni. Wata takwas ina durƙushe a bayan tebur ina tafiyar da ƙafafun 'yar tsanar da wasu biyu ke riƙe da kanta da hannayenta. Da na nuna gajiya, Malam ya ba ni labarin bunraku na Japan, inda mutum uku ke sarrafa 'yar tsana ɗaya, kuma a al'adarsu akan ce shekara goma a ƙafafu, shekara goma a hannun hagu, kafin a ba mutum kai da hannun dama. A ƙafafun nan na koyi nauyi. 'Yar tsana ba ta da nauyin da zai danne ta a ƙasa kamar mutum, saboda haka idan mai ƙafa bai dasa tafin ba kafin jiki ya matsa gaba, sai a ga tana shawagi, kuma nan take mai kallo ya daina yarda da ita. Na koyi jin motsin wanda ke riƙe da kai ta cikin jikin 'yar tsanar, ba tare da na ɗaga ido na dube shi ba. Wannan ba abu ne da bidiyo zai koyar ba, domin sai da mutum biyu a gefenka. Sannan ga masu kallo. Yawancin wasanninmu a gaban yara muke yi, su kuwa ba su iya kara ba. Idan wasa ya mutu za ka ji hayaniya ta tashi cikin daƙiƙa kaɗan, idan ya kama su za ka ji shiru irin wanda ba ka taɓa ji ba. A shekarar farko na yi wasa fiye da sau 60. Na kuma koyi abubuwan da ba su da daɗin faɗa amma su ne sana'ar: yadda ake rubuta takardar farashi, yadda ake shirya kaya su shiga mota ɗaya, da cewa gam ɗin da ake manna soso da shi ba a amfani da shi a ɗaki rufe saboda tururinsa yana cutarwa. Shekara biyu ina shaƙarsa a ɗakina ban sani ba.

Akwai abin da Malam bai iya ba, kuma bai ɓoye ba: aikin talabijin. Don haka na tara kuɗi na shiga wani kwas na kwana biyar. Rajistarsa ba wuya, fom ne da rabin kuɗi a gaba, amma guraben 12 ne kacal, sun cika cikin mako guda, sai da na jira zagaye na biyu bayan wata shida. A nan aka koya mini aiki da allon kallo. Hannunka yana sama da kanka, idonka yana ƙasa a kan allon da ke nuna abin da kyamara ke gani, kuma hoton ba kamar madubi yake ba: ka matsa dama, ka ga 'yar tsanar ta tafi ɗaya ɓangaren allon. Kwana biyu kaina yana juyawa. An kuma gyara mini kuskuren da na shekara uku ina yi wajen motsa baki. Ina ɗaga yatsu huɗun sama, kan 'yar tsanar yana wuntsilawa baya da kowace kalma, alhali babban yatsa ne ya kamata ya riƙa sauka, baki ya buɗe a kan kowace gaɓa, idanu su zauna a inda suke kallo. Cikin minti goma malamar ta gano shi. Kwas ɗin ya ci albashin wata guda, kuma ban taɓa kashe kuɗin da ya fi shi amfani ba.

A shekara ta uku na sake neman makarantar nan. Wannan karon takarduna suna hannu tun Satumba, wasiƙun shaida daga Malam da malamar kwas, bidiyon kuma na wasa ne a gaban jama'a, da 'yar tsana mai sauƙi. Aka gayyace ni, na je, aka ɗauke ni. Sai dai ban nemi tallafin karatu a kan lokaci ba, domin na ɗauka sai an samu gurbi ake nema. Ashe yawancin masu ba da tallafin suna rufe karɓa tun kafin sakamakon gwaji ya fito. Biyun da suka rage na nema, ban samu ba. Kuɗin makarantar kansa bai fi ƙarfina ba, abin da ya gagara shi ne haya da abinci na shekara uku, ga shi biza ta ɗalibi tana buƙatar a nuna kuɗin zama a banki tun kafin a tafi, jadawalin karatun kuma daga safe har dare ne, ba sararin yin wani aikin kirki a gefe. Na roƙi a ɗage mini zuwa wata shekara, aka ce tsarinsu bai ba da dama ba, sai dai in sake gwaji.

Yayana ya ce zai ranta mini wani kaso. Na ce: "Yaya, ban san shekara nawa zan ɗauka kafin in biya ka ba, sana'ar nan ba ta kawo kuɗi da wuri." Na je wurin Malam ina tsammanin zai ce in zauna, tunda yana buƙatata. Sai ya ce: "Da za ka samu kuɗin ba tare da bashi ba, da ni zan kai ka filin jirgi. Akwai abin da za su ba ka wanda ba ni da shi. Amma kada ka ɗauki bashin da zai tilasta maka barin sana'ar domin ka biya shi." Na yi mako biyu ina juya maganar, sannan na rubuta musu cewa ba zan samu zuwa ba. Ranar na yi kuka.

Ba zan ce ban yi asara ba. Biyu daga cikin waɗanda muka yi gwaji tare sun gama, kuma ina ganin bambancin. Sun taɓa kowane nau'i: mai zare, mai sanda, ta inuwa, ta safar hannu. Ni har yau hannuna bai faɗa ba a kan mai zare. Sun yi shekara uku suna gwada abubuwa suna faɗuwa ba tare da tunanin ko za a sayi tikiti ba, ni kuwa duk abin da zan ƙirƙira sai na tambayi kaina wa zai biya. Sun san tarihin fannin da yadda ake gina wasa daga tushe, sun kuma fito da abokan aiki da masu shirya bukukuwa da suka san sunansu. Takardar digiri ita kanta ba a taɓa tambayata ita ba a wurin neman aikin wasa, hannu ake dubawa. Inda ake tambayarta shi ne koyarwa a jami'a da wasu nau'o'in tallafi. A ɓangarena, na fi su sanin masu kallo, na san yadda ake riƙe ƙungiya ta rayu, kuma babu wanda ke bina ko sisi.

Wanda ke tsaye inda na tsaya, abin da zan ce masa shi ne kada ya aika takarda ko'ina sai ya yi wasa a gaban mutane aƙalla na shekara guda, ko da a ƙarƙashin wani ne yana ɗaukar kaya. Hakan zai nuna masa ko ƙira yake so ko wasa, kuma wannan ne zai faɗa masa makarantar da ta dace, in ma yana buƙatarta. Idan zai nema, ya fara da fassarar takardu da jarrabawar harshe, ba a fafe gora ranar tafiya, ya kuma nemi tallafi a lokaci ɗaya da gurbi. Ya lissafa kuɗin zama na dukan shekarun kafin ya biya kuɗin fom. Idan kuma koya wa kai ya zaɓa, ya sani cewa littafi da bidiyo za su koya masa ƙira sosai, amma ba za su ga kuskuren hannunsa ba. Dole ya samo wanda ya fi shi ya riƙa kallonsa, ya ware kuɗin gajeren kwas ko da sau ɗaya a shekara, ya kuma je bukukuwa ya ga aikin wasu da idonsa.

Yanzu ni ke riƙe da kai a wasanni biyu na ƙungiyarmu, wata yarinya da ta zo bara tana ƙafafu. Na yi rajistar kwas na mako biyu a kan 'yar tsana mai zare a watan Yuli mai zuwa, na biya rabin kuɗin, sauran ina tarawa.